Ya Mai Jiki?

Shekara huɗu yayata ta yi tana amsa tambayar da ba tata ba. Tun ranar da ɓarin jikin Innarmu ya shanye, duk wanda ya yi sallama gidanmu na Samaru sai ya ce, "Ya mai jiki?" Ita kuma ta ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." A yi addu'a, a ajiye lemo da ayaba, a tafi. Ban cire kaina ba. Ni ce ƙanwar da ke aure a Bomo, mai aikin ofis, mai zuwa ranar Asabar da ledar da ta fi ta kowa girma, kuma na fi kowa iya jan wannan gaisuwar.

Yaya tela ce, shagonta yana Sabon Gari. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna nesa, don haka ko zaman shawara ba a yi ba, kowa ya ga ita ce ba ta da abin yi. Ta rufe shago, wai na wata biyu. Daga nan rayuwarta ta koma ɗaga Inna, juya Inna, wanka, fo, kunu cokali-cokali, da wankin zannuwan da ba sa ƙarewa. Inna kuwa mace ce mai jiki, masha Allah, Yaya ko rabinta ba ta kai ba.

Duk farkon wata takan ɗauki shatar Keke Napep ta kai Inna wani ƙaramin asibiti kusa da unguwar PZ, wurin likitan da ke duba gidanmu tun Baba yana da rai. Mutumin kirki ne, ba zan yi masa ƙazafi ba. Ya san sunan kowane magani na Inna ba tare da ya duba kati ba. Yakan tsokane ta har ta yi dariya da rabin bakinta. Amma Yaya, wadda ta turo keken guragun, wadda ke naɗe hannun rigar Inna don a yi awon jini, ita ce mai ba da labari kawai. Tana cin abinci? Tana barci? Fitsari fa? Duk Inna ake nufi. In an gama ya ce, "Sannu Malama, kina da lada." Na tsani kalmar nan a bakinsa, domin da ita yake rufe kati.

Wadda ta fara lura ba likita ba ce. Wata 'yar Kudu ce mai sayar da zare da maɓallai kusa da tsohon shagon Yaya. Ni da Yaya mun tsaya gaishe ta wata rana, ta ja ni gefe da Hausarta ta kasuwa ta ce, "Sister naki ba lafiya fa. Ki duba ido, ki duba ƙafa ya kumbura. Ku kuna kallon Mama kawai." Kallo ɗaya ta yi mata.

Wata na zagayowa na ɗauki hutu na bi su. Da aka gama da Inna sai na ce, "Likita, ita ma Yaya kanta yana yawan ciwo." Bai ɗago daga rubutu ba ya ce, "Gajiya ce, jinya sai haƙuri. In tana so a duba ta, ta je ta yanki kati ta bi layi." Abin awon jinin yana nan kan tebur, bai fi taku ɗaya da hannunta ba. Layin kuwa ya kai bakin ƙofa, Inna ta fara mutsu-mutsu tana son fo, mai Keke yana ta danna hon a waje. Yaya ta yi murmushi ta ce, "Bari kawai, wani zuwan." Ni ma na bari. Wannan barin yana cina har yau.

Abin da ke ƙona min rai shi ne Hausa ma ba ta raba su ba. Wanda ke kwance, a ce yana jinya. Wanda ke tsaye a kansa, shi ma a ce yana jinya. Mutum biyu ne ke shigowa ɗakin likita a cikin jinya ɗaya, amma kati ɗaya ake buɗewa.

Wata uku bayan haka, da hantsi, Yaya ta faɗi a tsakar gida tana shanya zannuwan Inna. Maƙwabciya ce ta ji ihun Inna daga ɗaki ta leƙo. Aka kwantar da ita a babban asibiti kusan wata guda. Ta fito da rai, amma hannun dama, hannun almakashi, ya tafi, bakinta ya karkace kamar na Inna. Na tattaro kayana daga Bomo na dawo Samaru.

Da lokacin komawa ganin likita ya yi, na kai ta wurin namu na gida. Na yanki kati, na bi layi, na tura ta ciki. Ya ɗauki sabon katin, ya dube ta, ya tambaye ni, "Ta taɓa zuwa asibitin nan?"

Bai ma jira amsa ba. Ya karanta takardun da aka ba mu, ya girgiza kai ya ce, "Wannan hawan jinin ai ya daɗe. Me ya sa mutanenmu ba sa zuwa asibiti da wuri?"

A nan na manta da tarbiyya. Na ce, "Likita, shekara huɗu tana zama a kujerar nan kowane wata. Ita ce mai naɗe maka hannun rigar Inna. Ita ce Malama mai lada. Wane wuri kuma kake so ta zo da shi?"

Ya sake dubanta, a karon farko da kyau, na ga fuskarsa ta sauya. Ya cire tabarau ya riƙe. Yaya kuwa, don kada ya ji kunya, ta yi ta kokawa da harshenta har ta fitar da abin da ta saba. "Da... sauƙi," in ji ta.

Ya gama rubutu a sanyaye, ya miƙo min katin ya ce, "Yanzu ke ce da su biyun? Sannu. Allah ya ba ki lada."

Ban karɓi katin ba. Na ja kujera na zauna, na naɗe hannun rigata, na ɗora hannuna kan teburinsa. Na ce, "Amin. Lada na Allah ne, shi zai bayar. Kai auna ni."