Salkar Kakana

Jiya a tashar Tawa wata tsohuwa ta miƙo mini ruwa a moda, alhali ga gorata cike a hannu. Har zan ce mata na ƙoshi, sai marigayi kakana ya faɗo mini a rai.

Wata bazara raƙuminsa ya ɓace, muka bi shi a ƙafa daga Affala, kwana uku muna yin arewa cikin rairayi. Da rana tsaka muka iske bukkar wata Buzuwa. Ta kawo ruwa a ƙwarya, ja wur, yana warin ƙasa. Na ce muna da namu a salka. Kaka ya taka mini ƙafa, ya karɓa ya shanye, ya yi hamdala.

Ita ce ta nuna mana sawun raƙumin. Da za mu tashi ya ce mata, "Ɗiyata, salkar ga ta yi mini nauyi, taimaka ki rage mini." Ya juye rabi a tulunta, wanda ashe ya kusa ƙafewa.

A hanya ya ce mini, "In ka fara karɓa, kyautarka ba ta kunyata kowa."

Na shanye ruwan tsohuwar tas. Allah ya shayar da kakana a tafkin Alkausara.