Kaka Makau Bai Sallama Gonarsa Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, sha biyu ga Sha'aban, bayan La'asar, Allah Ya karɓi ran kakana, Malam Makau dillalin shanu, a gidansa da ke Bukkuyum.

Kaka, Zinatu ce, amaryarka mai littafi. Ka san ko a gaban Inna mahaifiyata ba na iya ɗaga murya, shi ya sa na ɗauki biro.

Kai ka koya mini abin da ake kira ciniki. Ranar da ka tarar da ni ina hawaye a kan littafin soyayya, dariya ka yi, ka ce, "Amarya, wanga saurayin takarda da ya taya ki, kin sallama mai ne?" Sai ka zauna ka warware mini: mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka in bai yarda ba, in ya yarda ya ce ya sallama, a gaban shaidu. Sai an kai nan ciniki ya faɗa. Jiya wani Bafulatani, Jibo, ya zo gaisuwa yana kuka. Ya ce ka taɓa hana shi sallama saniyarsa da arha don ka lura tana da ciki, shi bai sani ba.

Kwananka huɗu kacal a ƙasa, ɗanka Kawu Shitu ya fito da takarda, wai yarjejeniya. Wai kun gama ciniki da wasu masu haƙar zinariya, za su kafa injin niƙan dutse a gonarka ta bakin rijiya. Rijiyar da yaran unguwa ke sha! Kamar ba mu ji yadda gubar dalma daga niƙan dutse ta kashe yara a ƙauyen Dareta ba.

Ƙarya ce. Ni na kai musu ruwa zaure ranar da suka zo tayi. Sau uku suna tayawa, sau uku kana cewa albarka, har ka ce, "Ku tashi, ba ni saidawa." Dangwalen yatsan da ke takardar ban san yaushe aka yi shi ba. Na dai san kwana tara ka yi a kwance ba ka gane kowa.

Kawu ya ce yarinya ba ta shiga cinikin maza. Ban shiga ba, ji na yi da kunnena. Ranar addu'ar bakwai zan faɗa a gaban mai unguwa.

Allah Ya jiƙanka, Kaka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina yi wa Inna ta'aziyya, da dangi, da abokan kasuwarka. Har da Kawu Shitu, don shi ma ya rasa uba, ko da bai samu lokacin zama ya tuna ba.