Zaman Makoki a Garin Masu Hali

Muna zaman makokin matata Hadiza aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ina buɗewa sai ga maƙwabciyata Baturiya. Raina ya ɗan yi sanyi, na ce ashe dai akwai zumunci a garin nan.

Ni fa da tuƙin tasi na fara a unguwar Balsall Heath da ke cikin Birmingham. Da gumina na fitar da iyalina daga flat, 'yan ɗakuna a gidan bene, zuwa wannan ɗan garin na bayan Birmingham. Ga bishiyoyi, ga tsafta, ga shiru kamar ba mutane.

Na ce mata, "Shigo mana, matata ce ta rasu."

Ta ce, "Ayya, sannu. Amma motocin baƙinka sun hau ciyawar bakin titi. A janye su, kada wani ya kira council, hukumar gari."

Na waiwaya falo. Duk waɗanda ke zaune kan darduma daga tsohuwar unguwarmu suka taso. Su suka sallace ta, su suka kai ta makwancinta. Haka dattawan nan suka katse addu'a, suka fita gyara fakin.

Ku masu burin irin wannan unguwa, ku faɗa min, ran da ta Allah ta kasance, wa zai ɗauke ku?