Gwaggo Saratu da gonar da ban sayar ba

Shekara ashirin da ɗaya ke nan da muka binne Gwaggo Saratu, yayar mahaifina, a ƙauyenmu da ke ƙasar Dawakin Tofa. Ni ma yanzu furfura ta gama kaina, amma har gobe in na shiga gonar gadonmu sai ta faɗo mini a rai, domin ba don ita ba da tuni gonar tana hannun wani.

Mu Kirista ba mu da yawa a garin, gida goma sha ɗaya ne, da 'yar majami'armu ta ƙasa. Gwaggo ba ta yi boko ba. Sai da ta haifi 'ya'ya huɗu sannan ta shiga ajin yaƙi da jahilci, don kawai ta karanta Littafi Mai Tsarki da idonta. A hankali take karatu, tana bin layi da yatsa, kuma ba ta yarda a yanko mata aya ɗaya a tsaya.

A shekarun fari, damina biyu a jere ruwa ya ɗauke gero yana fitar da kai. Rumbuna suka ƙare, muka koma cin dusa da tafasa. Lokacin ina da mata da 'yar jaririya, na sayar da awakina duka. Ana cikin haka wani mai wa'azi ya zo daga birni da lasifika. Ya buɗe Matiyu sura ashirin da huɗu, inda aka ambaci yunwa, ya ce tashin duniya ya zo, ba za a ga kaka ba. Ya ce shuka ɓata lokaci ce, a sayar da gonaki a bi shi a je a jira Ubangiji. Gida uku suka sayar. Ni ma na yi magana da wani ɗan kasuwa, muka sa ranar Litinin shaidu su zo.

Ranar Lahadi, yana tsakiyar wa'azi, Gwaggo ta miƙe daga layin mata. Ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, karatuna na tsufa ne. Karanta mana ayar da ta zo kafin waccan."

Ya karanta. Ayar ta nuna irin waɗannan abubuwa za su faru, amma ƙarshen bai zo ba tukuna. Sai ta buɗe nata littafin, ta bi da yatsa har ƙasan surar, inda Yesu ya ce ba wanda ya san ranar, ko mala'iku. Ta ɗago kai ta ce, "To, Malam, kai wa ya gaya maka?"

 Kafin Laraba ya kwashe lasifikarsa ya bar garin.

Ni dai hankalina bai kwanta ba, don ko duniya ba ta tashi ba, yunwa tana nan. Da la'asar ta same ni a ƙofar gida, ta zauna a kan turmi, ta karanta mini labarin annabi Irmiya, wanda ya sayi gona alhali sojojin abokan gaba sun kewaye garinsu, saboda Allah ya yi alkawari za a sake noma ƙasar. Ta rufe littafin ta ce, "Bulus, shi yaƙi ya gani a bakin ƙofa ya sayi gona. Kai rana kawai ka gani za ka sayar da ta ubanka?"

Na ce, "Gwaggo, ko na riƙe, me zan shuka? Irin ma mun cinye."

Ashe tana da tulu biyu na irin gero da ta liƙe da laka ta binne a ƙarƙashin gadonta, ita da ta rame har zobe ya daina zama a yatsanta. Da ta gaya mini, sai na fasa sayar da gonar. Da aka yi ruwan shuka ta tone su, ta raba gida-gida da ƙaramin ƙoƙo. Ba ta tsallake maƙwabtanmu Musulmi ba. Malam Idi, limamin unguwa, ya karɓi nasa, washegari ya aiko mata da irin wake.

Shekarar nan ruwa ya zauna. Ban manta ranar da muka ɗaure damin ƙarshe ba, matan zumuntar majami'a suka taho daga gona suna waƙa, Gwaggo a gaba da zangarniya a hannu tana rawa kamar yarinya. Cikin waɗanda suka sayar, biyu sun dawo suna ƙodago a gonakin da dā nasu ne, ita ce kuma ta bi dangi har aka yanka musu wurin shuka.

Yau masu sa wa tashin duniya rana sun koma cikin waya, kullum da sabon annabci, kuma yaranmu suna tura wa juna. Na san da Gwaggo tana raye, ba za ta yi faɗa da kowa ba. Za ta sa a kunna mata har ƙarshe, sannan ta nemi tabaronta. Ta gaskata Ubangiji zai dawo fiye da dukanmu, tana dai cewa gara ya same ta da fartanya a hannu.

Ba ta bar gida ko dukiya ba, kabarinta ma sai mu tsofaffi muka san inda yake. Amma geron nan nata bai ɓace ba. Duk bazara a kasuwarmu za ka ji manomi, Musulmi ko Kirista, wanda ko haihuwarsa ba a yi ba lokacin, ya durƙusa gaban mai awo yana cewa, "Ɗan Saratu nake so, shi ne ba ya tsoron fari."