Gashin Zakara a Kan Ƙugiya

Ranar wata Asabar a shekarar 1968, bayan alhazai sun watse, na bi Baba bakin teku da gwangwanin ƙugiyoyin da ya manta a gidanmu da ke unguwar Karantina. Shekarata tara, kuma bakina ba ya riƙe magana. Nahuda, mai kwalekwalen da Baba ke yi wa aiki, ya buɗe gwangwanin yana yaba kyan ɗaurin, ni kuwa na ce ai ni na ɗaura. Nan take ya juye su a yashi. "Abin da hannun mace ya taɓa ba ya shiga jirgina. Halas, magana ta ƙare."

Bai san cewa wata takwas ke nan da ɗaurina yake kama duk kifin da yake kaiwa kasuwa ba. Yanar ido ce ta fara rufe idon Baba, in kuma aka gane, gurbinsa a jirgi ya tafi, abincinmu ya bi shi. Shi ya sa ya koya mini a ɓoye, a tsakar gidanmu na langalanga. Inna tana fige wa masu biki kaji, don haka gashi bai taɓa yanke mana ba. Na wuyan farin zakara nake tsincewa, dogo mai laushi, don na fiffike sandarewa yake a ruwa kamar tsinke. Huɗu nake jerawa a bayan ƙugiya, biyu na kallon biyu, in naɗe da zare in murza kakin zuma. Ranar da teku ya yi garau, fari zalla. In iska ta dama shi, sai in ƙara jan zare da 'yar takardar sigari mai ƙyalli. Dirak, dogon kifin nan mai haƙora, datse zare yake, shi sai an sa masa waya. In na gama, Baba ya ja ta a bahon wankin Inna. A yatsa yake jin ko tana wulwulawa, in tana yi sai ya ce, "Kifi ba wawa ba ne, Hajara. Kwance."

Bayan abin da ya faru, Baba ya ce in bari, shi zai ɗaura. Kwana uku yana soke yatsunsa, jirgi na dawowa wayam, har Nahuda ya fara habaicin tsufa. Raina ya ɓaci, har yau in na tuna sai na ji zafin. Rana ta huɗu na zauna daram a gaban masunta, na baje kayan a cinyata, na ɗaura guda a kan idonsu, na miƙa wa Baba. Na san in ya karɓa ya rasa jirgi. Ya shafa ta da yatsa, ya karɓa. "Nahuda, idona ya tafi. Wannan yarinyar ce idona." Nahuda ya ce wa mutanensa yalla, su tafi, suka tura jirgi suka bar mu tsaye.

Mun sha wuya, ba zan ɓoye ba, watanni muna kan burodi da baƙin shayi. Muka koma sayar da ɗauri a ƙofar gida, masu cewa hannuna na korar kifi suka riƙa aiko matansu a sace. Wata safiya sai ga matar Nahuda. Na kira ta Hala, wato goggo, na ce, "Ki gaya masa ya zo da ƙafarsa." Inna ta kai mini ranƙwashi, ban janye ba. Sati biyu ya yi yana cijewa, sannan ya zo, ya tsaya a rana ya buɗe tafinsa, na zuba masa uku da hannuna.

Yau an share Karantina, ko inda ƙofarmu take ba zan iya nunawa ba. Jikokina a kanti suke sayen kifin roba mai ƙugiya, ba ruwansu da wanda ya ƙera shi. Ina kewar gidan nan duk da zafinsa. Baba bai sake shiga jirgi ba har ya rasu, kuma ban taɓa jin ya ce da na sani ba.