Malam Ɗanmaliki, Tafintan da Ya Ƙi Rage Maganar Hammawa

Shekara ashirin da shida ke nan Malam Ɗanmaliki yana tasowa daga Kwanyawa a kan kekensa, ya iso kotu kafin a gama shara. Ba ofis yake fara shiga ba. Bayan kotu yake zagayawa, inda ake tsare waɗanda za a gurfanar, ya tsuguna ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi gida da dabbobi. A gaisuwar nan yake gane wanda Hausarsa ta cin kasuwa ce kawai, zuciyarsa kuwa da Fillanci take magana. Malam shi ne tafintan kotun, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Mu da muka zauna a bencin baya a daminar 1988 ba mu manta da Hammawa ba, wani makiyayi daga wajen Jajaye. An tare motar hayar da ya shiga a hanya, aka sami ƙunshin tabar wiwi a jakarsa. Lokacin doka ta yi zafi, wanda aka kama da ita maganar shekaru ake yi, ba watanni ba. Wani mutum ne ya ba shi ƙunshin a tashar Rogo, ya ce ya miƙa wa mai shayi a Karaye. Mu kuwa nan ba a buɗe saƙo. Wanda ya kwance abin da aka ba shi amana ya zubar da mutuncinsa.

Aka karanta tuhuma da Turanci, Malam ya juya masa da Fillanci. Hammawa ya sunkuyar da kai, ya ce, "E, a jakata yake. Saƙo ne. Ban san abin da ke ciki ba."

Mai gabatar da ƙara yana ɗan jin Fillanci. Ya miƙe, ya ce, "Ya ce e. Malam, faɗa wa kotu ya amsa laifi mu wuce, ƙararraki sun yi mana yawa yau."

Malam ya fuskanci alƙali. "Allah ya gafarta Malam, magana uku ya yi. Ba ni da ikon kawo ɗaya in bar biyu."

"Yaushe ka zama lauya?" in ji mai gabatar da ƙara. "Ko saniya aka yi maka alkawari?"

Ba wanda ya yi dariya. Alƙali ya dubi Malam, biro a hannu. Sai Malam ya roƙi izini ya bayyana wa Hammawa matsayinsa, aka ba shi.

"Ɗana, in aka rubuta e, ba mai sake tambayarka komai, sai gidan yari. Kada kunyar manya ta rufe maka baki. Ka san abin da ke cikin ƙunshin nan?"

Hammawa ya ɗago. "Baffa, wa yake buɗe saƙon mutane?"

Wannan ma Malam ya juya ta yadda take. Alƙali ya rubuta cewa bai amsa laifi ba. Wata biyar Hammawa ya yi a tsare, kafin direban motar ya zo ya shaida cewa a gabansa aka miƙa ƙunshin, aka sallame shi. Malam kuwa takardar gargaɗi ya samu, an ce yana ja wa kotu lokaci. Bai taɓa tayar da zancen ba.

Kada a ɗauka sassauci gare shi. Masu sayar da ƙwaya da yawa sun roƙe shi ya gyara musu magana, amsarsa ɗaya: "Abin da ka faɗa shi zan faɗa."

Malam, kai ne bakin wanda tsoro ya ɗaure wa harshe. Kai ne ka tsaya tsakanin makiyayi da biro, ba ka ƙara ba, ba ka rage ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya sa ka huta lafiya. Wanda zai gaje ka, da duk mai aikin da wani ke magana ta bakinsa, ya yi koyi da kai ko da za a ce yana ɓata lokaci. Biyu daga cikin 'ya'yan Hammawa an haife su ne a shekarun da zai yi a gidan yari da a ce Malam ya rage maganarsa.