Jan Farce a Kan Agogon Turbo

"Malama Luba, abokin tserena ya riga ni isa."

Muryar Alhaji Bube ke nan a waya da safiyar nan. Sai da na zauna sannan na gane. Malam Sidi ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Tun ɗazu nake son in yi kuka yadda ya kamata, dariya na katse ni. Laifinsa ne.

A shekarun tamanin muka koyar tare, ni da Malam Sidi, a wata sakandare a Illela. Ni na fito jami'a da digiri da yawan raini, shi yana koyar da lissafi idan mota ta ba shi lokaci. Daga Ƙonni ya shigo da motar, 'yar Faransa, mai turbo, wato na'urar nan da ke cusa wa inji iska ya yi ƙarfin da ba nasa ba. Ya canza salansar hayaƙi, ya taɓa kafireto, amma turbon na kamfani ne. Akwai wani noti da in ya juya shi, iskar ta ƙaru, motar ta haukace.

Turbo biyu ya kashe a haka. Na biyun a gaban masu sayar da albasa, da hayaƙi shuɗi kamar ana turaren aljanu.

Bayan an ɗaura na ukun ya same ni a ofishin malamai.

"Ƙanwata, ara man wanga jan abu na farcenki."

Na bi shi don in ga ikon Allah. Ya ɗiga jan farcena a gilashin agogon turbo mai nuna ƙarfin iskar, gaba kaɗan da inda kamfani suka tsaya. Ya ce nan ne iyaka. In allura ta wuce, inji ya fara ƙwanƙwasa, fiton turbo ya koma ihu. In rana ta take, ko jan ma kada a taɓa.

Na ce, "Kuma za ka kiyaye?"

"Ni? A'a. Don dai in san lokacin da nike saɓo."

Ba ya kashe mota da zafinta. Sai ya zauna ciki turbo ya huce, muna hangensa ta taga, taron malamai na jiransa. Amma duk malamin da matarsa ke naƙuda, ƙofar Malam Sidi ake bugawa.

A hanyar Illela zuwa Sakkwato ba wanda ya taɓa wuce shi. Da wannan aka san shi, kuma yana ji da abin fiye da takardunsa.

Ranar da zan je Sakkwato intabiyu na neman gurbin karatu a waje, motar haya ta ƙi cika, shi ya ɗauke ni. Mun makara, rana ta yi tsaka. Kafin Gwadabawa sai ga Alhaji Bube, ɗan kasuwar shanu, a sabuwar motarsa. Ya jera da mu, ya sauke gilashi.

"Malam, mi ya faru? Amarya ka ɗauko ko ƙwai?"

Na dubi agogon hannuna, na dubi allura tana lilo ƙasa da ja. Na ce, "Malam, taka mana!"

Bai taka ba. Ya ce, "In turbo ya fashe yau, ni labari zan samu. Ke ƙasar waje za ki rasa."

Bube ya wuce yana kaɗa mana hula.

Na so in ce muku mun tarar da shi a gaba da bonet a buɗe. Ina! Lafiya lau ya isa, ya ci tuwo, ya koma Illela ya ba da labari har a masallaci. Ni kuma na shiga ana kiran sunan wadda ke gabana. Na samu gurbin.

Shekara da shekaru ana ce masa Malam Mai Ƙwai. Bai taɓa gaya wa kowa dalili ba. To yau na faɗa.

Bara na je gaishe shi. Suna zaure shi da Bube, sun tsufa, musun bai tsufa ba. Motar ta daɗe da zama gidan kaji, amma agogon na rataye a bango, jan ya koma ruwan ƙasa. Na ce ina bin sa kwalbar jan farce. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ƙanwata, kin kashe motarki da zafinta. Na jiya tun daga nan."

Allah Ya jiƙan Malam Sidi, Ya yafe masa duk inda ya wuce ja, Ya sanyaya makwancinsa. Ya ba iyalinsa haƙuri, da Alhaji Bube, wanda ɗazu ya kasa ƙarasa magana a waya.

Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, ko da ƙulhuwa ce.

Ni na ɗauki makulli, na ja ƙofa. Illela na nufa, kuma ba zan yi sauri ba.